Tulun Irin Wake

Manzo ya dawo Dantchiao daga cin rani a Kano da 'yar rediyo. Ba a jima ba ya fara cewa muryarta ta yi siriri. Ran kasuwar Magarya ya kwashe abin da ya rage masa, ya sayo lasifika mai faɗin faifai da sababbin pil, wato batura.

Goggo Zinariya, ƙanwar ubansa da ta raine shi, ta bi kayan da kallo.

"Ta farkon ta daina magana ne?"

"Tana yi, Goggo, amma kamar sauro. Da wannan, ko kina madafa za ki ji ranar rabon dawar agaji."

"Rabon dawa mai gari ke shelarsa. Kai dai ka ce kiɗa kake so, rumbu kuwa ga ƙasansa ya fito."

Da ta tafi Kwaya wankan jegon 'yarta, Lado abokinsa ya zo ya saurara, ya taɓe baki.

"Kai baƙauye ne wallahi. A bakin tulu ake kifa ta, sai ka ji ganga har cikin hanjinka."

Suka gwada randa, bakinta ya yi faɗi. Tulun da ya dace yana ƙarƙashin gadon Goggo, an liƙe shi da laka. A ciki akwai irin waken da ta hana kowa taɓawa duk tsawon fari, cuɗe da toka. Manzo ya ga tokar ƙazanta ce kawai. Ya tankaɗe waken tas, ya zuba a buhu mai tsabta, ya ɗaure ya rataye a ɗaki. Har yana jin ya yi mata gyara.

Sautin kuwa ya fito. Samarin unguwa suka mai da ƙofar gidan dandali.

Goggo ta dawo washegarin ruwan shuka. Tun daga zaure ta hango tulunta da waya a wuya. Ta sauke ƙunshinta a hankali.

"Manzo, ina wakena?"

"Yana nan lafiya, na ma tankaɗe miki shi."

"Ka tankaɗe tokar?"

Ya sauko da buhun, ya ji ba nauyi. Da ta kwance, ƙananan ƙwari suka watsu a hannunta. Kowace ƙwaya da huda biyu ko uku, ƙasan buhun gari ne zalla.

"Goggo, zan sayar da lasifikar in sayo wani."

"Wa zai sayar maka da iri yau? Leƙa waje ka gani."

Mutane na wucewa da sungumi da ƙorai, kowa ya nufi gonarsa.

Ta zauna a ƙasa, ta juye buhun a faifai, tana tsintar masu rai ɗaya ɗaya. Ba su rufe tafin hannunta ba. Ta ƙulle su a bakin zane ta miƙe. Manzo ya ɗauko sungumi zai bi ta.

"Zauna," ta ce. "Wannan bai kai aikin mutum biyu ba."