Gawa Ba Ta Amsa Kira

Alhaji Sama'ila ya shekara hamsin da takwas a duniya, ya yi aikin gwamnati har ya yi ritaya, ya aurar da 'ya'ya uku, amma bai taɓa jin sunansa a bakin mahaifiyarsa ba. Shi ne ɗan fari, ita kuwa Iya irin matan da ce, masu riƙe kunyar ɗan fari kamar farilla. Ana yaye shi aka kai shi wurin goggonsa a cikin garin Daura, can ya girma. In Iya za ta yi zancensa sai ta ce "wancan", ranar da ta so shi da arziki ta ce "uban Fadila". In ya durƙusa gaishe ta, ƙwaryar da ke gabanta take kallo ta amsa. Ƙaninsa Munzali kuwa, da yake auta ne, sunansa ba ya barin bakinta, kamar goro.

Ya san al'ada ce, amma sanin bai hana abin cin ransa ba. Ga furfura har a gira, ga jikoki, amma kishin ƙaninsa yake yi a ɓoye kamar ɗan shekara bakwai.

Duk kaka, bayan an cire gyaɗa, iyalin kan taru a gidan gonarsa da ke can bayan Sandamu, inda babu maƙwabci sai rumbuna da kukoki, waya ma ba ta samun sabis sai mutum ya hau tankin ruwa. Bana 'yarsa Fadila, wadda ke karatu a jami'a, ta zo da wani sabon salo. Ta ce wasan binciken kisan kai za a yi. Kowa za a ba shi takarda a asirce mai ɗauke da rawar da zai taka: mutum ɗaya gawa, ɗaya wanda zai tsinci gawar, ɗaya mai bincike, ɗaya kuma makashin da za a yi ta nema har la'asar.

"Wasa da mutuwa?" in ji Iya. "A'uzu billahi. Ke dai boko bai ƙare ki da komai ba."

"Tsohuwa, tsoro kike ji kada a ba ki gawar ki zarce," in ji Fadila.

"Sai na ga auren 'yarki, ja'ira."

Alhaji Sama'ila da farko tsaki ya yi niyyar yi. Sai ya ji Fadila tana karanta dokoki: wanda ya tsinci gawa, dole ya fito tsakar gida ya kira sunan mamacin sau uku da ƙarfi. Nan kunnensa ya miƙe. Ya ja ta bayan mota ya ce shi yake son zama gawar, kuma Iya za a bai wa tsintuwa. Fadila 'yar ubanta ce, ba ta aikin banza. Ta ce ta yarda in zai bar ta ta tuƙa motar har Daura, abin da ya shekara biyu yana hana ta. Ya ce ya amince.

Da yake Iya ba ta karatun boko, a kunne Fadila ta raɗa mata nata. Sun daɗe suna ƙus-ƙus, har Alhaji ya fara tsarguwa.

Bayan azahar aka shimfiɗa shi a kan tabarma a ɗakin baƙi, aka zuba masa zoɓo a ƙirjin farar riga a matsayin jini, aka rufa masa zane har fuska. Fadila ta ja masa kunne: gawa ba ta motsi, ba ta tari, ba ta amsa kira, in ya kuskura wasa ya lalace. Ya kwanta yana jira kamar ango. Can ya ji takun Iya da sandarta. Ta tsaya a kansa jim, ta juya ta fita tsakar gida, ta gyara murya.

"Jama'a, ku zo! Wancan ya yi ɓarnar zoɓo ya kwanta!"

Gida ya kaure da dariya. Fadila tana cewa suna, Iya, suna za ki kira, ita kuwa ta ce ai kowa ya san wanda take nufi, gawa nawa gare su a gidan? A ƙarƙashin zane Alhaji ya ji kamar ya tashi ya karɓe makullin motarsa. Ya yi asarar riga, ya yi asarar mota, ga ƙudaje sun fara yi masa sallama.

Munzali ne mai bincike, kuma ya ɗauki abin da zafi. Ya rataya tabarau a hanci, ya sa aka jera kowa yana yi musu tambayoyi. Ya fi matsa wa Hajiya Maijidda, matar Alhaji, da yake akwai wasa tsakaninsa da matar wansa.

"Ina kike lokacin da aka kashe Yaya?"

"Ina madafa ina dama furar da ka shanye."

"Shekara talatin kuna tare, ba ki taɓa jin kamar ki shaƙe shi ba?"

"Kullum," in ji ta. "Amma da zan yi, ba zan ɓata farar shadda ba, ni ce mai wanki."

Gawa ta ji wannan ma, ta yi shiru. Sai Iya ta sa baki, ta ce ita dai ba ta son gulma, amma ɗazu ta hangi Maijidda ta nufi rumbunan ƙarshen gona da wani abu a ƙunshe cikin mayafi, mai kama da wuƙa. Maijidda ta yi salati ta dafe ƙirji. Munzali ya ce kowa ya biyo shi, a tafi da wadda ake zargi ta nuna wurin. Rumbunan nan tafiyar minti ashirin ce a ƙafa. Iya ta ce ita gwiwa ba za ta bar ta ba, kuma ba a barin gawa ita kaɗai ƙudaje su cinye.

Gida ya yi tsit, sai kukan kurciya. Alhaji ya ji ta zauna dab da kansa, kusancin da bai taɓa samu ba tun da ya yi wayo. Iskar mafici ta fara sauka a fuskarsa.

"To," in ji Iya a hankali. "Kunyar mai rai ake ji. Gawa kuwa, an ce ba ta ji, ba ta amsawa. In ta motsa, ni ban ce komai ba."

Ya kasa kunne.

"Ranar da goggonka ta goya ka ta tafi, ina tsaye ina daka. Ban ɗaga kai ba, mata suna ta yabona. Da suka watse na shiga bayan rumbu na yi kukan da har yau ban sake irinsa ba, ko da ubanka ya rasu. Ƙuli-ƙulin da ake kawo maka makarantar kwana ana cewa daga goggo, goggonka ko tunkuza ba ta iya matsewa ba. Sau biyu na je Daura da sunan gaida mara lafiya, na tsaya a bakin shingen makarantarku ina leƙenka. Kai ne mai ƙaton kai a layin baya."

Hawaye ya gangaro masa cikin kunne, yana yi masa ƙaiƙayi, ba halin sosawa.

"Autan nan da kake wa hararar gefe, na gani, ba makauniya ba ce ni. Shi sunansa a baki yake. Naka kuwa shekara hamsin da takwas ina faɗa wa Allah shi a sujada, sau biyar a rana, ko ɗaya ban tsallake ba." Maficin ya tsaya. Ya ji tafin hannunta mai kaushi a goshinsa ta saman zane. "Sama'ila. Sama'ila. Sama'ilana. Sau uku 'yar nemar ta ce, ko? To na cika."

Abin da ya roƙa ke nan duk rayuwarsa, ga shi ya samu, kuma an ɗaure masa baki. Ya cije leɓe, ƙirjinsa yana rawa a ƙarƙashin zane. Iya ta ci gaba da fifita kamar ba ta gani ba.

Dab da la'asar 'yan bincike suka dawo, ƙafafu duk ƙarangiya, ba wuƙa ba dalilinta. Munzali ya yanke hukunci cewa Maijidda ce, ko da hujja ko babu. Fadila ta buɗe takardar ƙarshe tana dariya har da riƙe ciki.

"Baffa, ka faɗi. Iya ce ta kashe shi! Ita ta ce in haɗa mata da kisan ko ta fasa wasan. Ita ta tura ku rumbu. Zoɓon ma da hannunta ta ƙara masa sukari ludayi uku, wai don ƙudaje su zo."

Aka yi ta tafi ana mamakin tsohuwa. Maijidda ta yaye zanen, ta ga idanun mijinta sun yi ja, ta tambaye shi lafiya. Ya ce zafi ne. Ya tashi zaune, riga ta manne masa a ƙirji, ya dubi mahaifiyarsa. Ta riga ta juya masa ƙeya tana gyara bakin maficinta.

"Na'am, Iya," ya ce.

Kowa ya juyo yana kallonsa, don babu wanda ya ji an yi kira.

Iya ba ta waiwayo ba. Ta dafa sanda ta miƙe, ta goge ido da gefen mayafi.

"Fadila," ta ce, "gawar nan taku ta cika surutu. Ki ce wa wancan ya je ya yi alwala, la'asar ta yi."