Hoton Ƙirjin Kafinta

Yayan Auta bai taɓa koyon ɗaukar hoton ƙirji ba. Shekara goma sha ɗaya ya yi yana tura gadon marasa lafiya zuwa ɗakin hoto a babban asibiti, yana leƙe ta ƙofa. Rana ɗaya ya sayi tsohon inji da farar riga, ya kama shago tsakanin mai gyaran firji da mai sayar da fenti, ya bar mutane suna ce masa Dakta. Da wannan rigar ya cinye wa mijin ƙanwarsa wata bakwai.

Auta ba ta san haka ba sai ranar da ta samu kanta a kan bencin babban asibitin da manyan ambulan uku na hotunan ƙirji a cinyarta. Zaman ma ya gagare ta. Ta tashi ta je taga, ta dawo, ta gyara mayafi, ta sake tashi. Ta bayan ƙofar ɗakin hoto tana jin tarin mijinta, wanda ake kira Kafinta saboda sana'arsa, irin tarin nan da ke farawa kamar gyaran murya ya ƙare da riƙe bango.

Sau uku ta kai shi shagon yayanta. A zuwan farko Yaya ya ɗaga hoton saitin taga yana murmushi.

"Auta, dubi aiki! Baƙi baƙi, fari fari, fes kamar an wanke. Je ki asibiti ki ga irin dishi-dishin da za su miƙo miki."

Kafinta ya leƙa, ya ga haƙarƙarinsa a jere farare tas, ya ce, "Yaya, ashe haka nake da kyau daga ciki? Da na sani ai da wannan na zo neman aure."

Suka yi dariya su uku. Yaya ya ce ƙurar katako ce, ya ba da maganin tari na kwalba. Zuwa na biyu ya ce sanyi ne. Zuwa na uku ya ce Kafinta ya cika sa damuwa a rai. Duk lokacin wandon mutumin yana ƙara yi masa yawa, har ya huda sabon rami a bel ɗinsa da ƙusa.

Ƙofa ta buɗe. Mai ɗaukar hoton, wani dattijo mai furfura a gira, ya fito da hoto a hannu, bai miƙa wa kowa ba. Ya ce su biyo shi ofishin likita.

*

Likitar mace ce, ba ta da yawan magana. Ta liƙa sabon hoton a allon fitila. Hoton bai yi wa Auta kyau ba ko kaɗan: toka-toka ne, kamar an ɗauka cikin hayaƙi.

"Likita, ko a sake ɗauka? Wannan bai fito ba. Ga masu kyau nan mun zo da su."

Ta zaro na yayanta. Dattijon ya karɓi ɗaya, ya liƙa kusa da nasa, ya tsaya yana kallo.

"'Yata, matso. Wannan farin na tsakiya me kike gani a cikinsa?"

"Ba komai, Baba. Fari ne kawai."

"To zuciya ce. Dubi nawa. Kin hango ƙashin baya ta cikinta, gaɓa-gaɓa?"

Ta ƙura ido. Ta hango.

"Hasken injin nan yana da ƙarfi hawa-hawa," in ji dattijon. "In hannu ne ya karye, sai a rage ƙarfin. Ƙashi ya tare hasken ya fito fari, tsoka ta bar shi ya wuce ta fito baƙa, tsagar ta bayyana. Amma ƙirji ba hannu ba ne. Huhu, jijiyoyi, zuciya, haƙarƙari, duk a kan juna suke. Dole a ƙara ƙarfi hasken ya ratsa su, kowanne ya fito da irin tokarsa. A cikin tokar nan muke karatu. Wanda ya ɗauki naki ya ɗauki ƙirji da ma'aunin ƙashi. Duk abin da ya ɓuya a bayan zuciya, farin nan ya shafe shi."

Likitar ta sa bakin biro a kan sabon hoton, a gefen hagu, ƙasa kaɗan. Akwai wata inuwa a wurin, ƙulu-ƙulu, ta kai girman lemon tsami.

"Ƙari ne. Sai mun ɗebi kaɗan mun gwada kafin mu san irinsa. Yaushe aka ɗauki na farko?"

"Wata bakwai ke nan."

Likitar ta ajiye biron. Auta ta gwammace a ce ta yi mata faɗa a kan wata bakwai ɗin.

Kafinta ya yi ƙoƙarin wasa. "Likita, in dai cirewa ne, ina da zarto a shago." Tari ya katse shi.

Dattijon ya juya ambulan ya ga hatimin shagon. Ya karanta, ya sake karantawa.

"Wannan ai na san shi. A da shi yake turo mini gadon marasa lafiya. Me ya haɗa ku?"

"Yayana ne," in ji Auta, muryarta can ƙasa.

Likitar ta ce hotuna irin waɗannan sun sha zuwa hannunta, kuma hukumar da ke sa ido kan irin wuraren nan ba ta motsi sai an kai mata hoto mai hatimi da mutumin da zai tsaya ya ce nasa ne. Kowa sai ya ce ya bar wa Allah.

*

Auta ta kai Kafinta gida, ta kwantar da shi, ta kasa zama. Ta ɗora ruwa ta sauke. Ta fara ninke kaya ta watsar. Kafin la'asar tana bakin shagon yayanta.

Mutum huɗu ne a benci. Akwai wata tsohuwa da 'yarta ta riƙe, tana tari a cikin gefen zani. Auta ta wuce su, ta ɗaga labule ta shiga.

Ba ta taɓa duban injin da kyau ba sai ranar. A jikin abin murɗawa na ƙarfin haske an ɗiga jan farce, an ɗiga wani a jikin ƙarfen, ɗigon biyu suna kallon juna. Ƙura ta kwanta a gefen, alamar an daɗe ba a taɓa ba.

"Autar Inna! Ya jikin mutumina?"

"Yaya, wannan jan na mene ne?"

"Saiti ne. Ke me kika sani a ciki?"

"Hannu da ƙafa da ƙirji duk nan kake barin sa?"

Murmushin ya ɗauke. Ya leƙa labule, ya rage murya. Ta faɗa masa abin da aka gani, da girmansa, da inda yake. Ya zauna a bakin gadon ɗaukar hoto, ya cire gilashinsa, wanda ta san ba na magani ba ne.

"Wallahi ban gani ba."

"Na san ba ka gani ba. Ka san ana murɗawa ko ba ka sani ba?"

Ya fusata, kamar yadda yake yi tun suna yara in an kama shi.

"Na sani mana! Shekara nawa ina gani ana yi? Da na buɗe wurin nan na murɗa wa wani, hoton ya fito dishi-dishi, mutumin ya tsaya a bakin titi yana ihu injina ya mutu. Sati biyu ko kare bai leƙo ba. Mutane fes suke so. Ke ma ai kin yaba!"

Wannan gaskiya ne, ta yaba. Har maƙwabta ta nuna wa hoton.

"In ya fito toka-tokar, ka iya karantawa?"

Daga waje 'yar tsohuwar ta ɗaga murya: "Dakta, don Allah a taimaka, Mama ta gaji."

Ya mayar da gilashin, ya gyara wuyan riga, ya ce, "Ku shigo."

*

Washegari da hantsi Inna ta zo, Yaya ya riga ya kai mata labari. Ba ta ko zauna ba sai da ta leƙa surukinta ta yi masa sannu, sannan ta ja Auta kicin ta turo ƙofa.

"Ina ambulan ɗin?"

"Suna nan."

"Ba ni su. Ciki ɗaya kuka fito, nono ɗaya kuka sha. Shi ya sa wa mijinki ciwon? Yaransa biyar, Auta. Ki tona masa asiri su ci me? In kika kai shi, da wane ido zan dubi mutane?"

"Inna, jiya a gabana ya shigar da wata tsohuwa sa'arki."

"Ban haifi tsohuwa ba, shi na haifa."

Auta ta ce bari ta ɗauko. Ta shiga ɗaki. Kafinta yana jingine da filo biyu, idonsa a kan wata ƙaramar kujera da ya fara yi wa 'yarsu, ƙafa uku ya sa mata ya kasa ta huɗun. Ya ji komai, katangar gidan ba ta ɓoye magana.

"Ki ba ta," ya ce. "Ni dai nawa ya riga ya faru. Kada ki rasa ni ki rasa su."

"Kai ka daina irin wannan maganar."

Ta zaro ambulan ɗin daga ƙarƙashin katifa. Ta tsaya da su a tsakiyar ɗaki, ta dubi ƙofar kicin, ta dubi mijinta, ta ɗauki mayafi ta ajiye, ta sake ɗauka. Daga nan ta sa takalmi ta bi ta ƙofar gida, ta nufi ofishin hukumar. Inna ta fito tana kiranta, da lallashi, sannan da kuka, sannan da kalmar da uwa ba ta faɗa wa ɗa ta manta. Auta ba ta waiwaya ba, don ta san in ta waiwaya za ta koma.

*

Gwaji ya nuna ƙarin mugu ne, kuma ya riga ya yaɗu. Kafinta ya rasu bayan wata huɗu. Inna ta zo zaman makoki, ta zauna a can ƙarshen tabarma, ta gaisa da kowa ban da 'yarta.

Da hukuma ta bi littafin shagon, ta kira mutum sittin da ɗaya su sake hoto. Tara ba a same su a raye ba.

An kwashe injin, an sa wa shagon kwaɗo. Kotu ta ɗaure Yaya shekara biyu.