Ke Ce Mai Dawowa

"Ya sake! Jama'a, ku zo ku gani, ya sake!"

Iya Morenike na tsaye bakin ɗakin maƙwabcinta Baba Oderinde, bokiti a hannu, ta toshe hanci da gefen zani. Karen tsohon, Tanmola, ya yi kashi a tsakar ɗaki, ya tsula fitsari a ƙafar gado, sannan ya shige ƙarƙashin kujera yana ɓari. Tun da aka kwantar da Baba a asibiti ake wannan fama. Da an kulle ƙofa kowa ya tafi nema, sai kuka da ƙazanta.

Mai gidan hayar, Cif Olaniyan, ya leƙo yana fifita da hularsa.

"Iya Morenike, mutane na ba haya, ba dabbobi ba. Direbobin tasha na neman karen da za su yanka wa gunkinsu Ogun. In na ƙara jin warin nan, su zan kira."

Ta durƙusa. "Ku yi haƙuri, Cif. Mai shi na kwance."

"To, ya tashi ya kwashe!"

Ita fa ba son kare take ba. Mace ce mai salla, ko shinshinar zaninta ya yi sai ta wanke. Amma ranar da aka fita da Baba, a tafin hannunta aka danƙa makullin ɗakinsa, kuma kowa a Ibadan ya san yadda karen Ogun ke ƙarewa. Ta gwada tsawa, ta gwada tsintsiya, ta gwada sulalewa ba tare da ya gani ba. Abin sai gaba yake.

Da rana ta kai wa Baba koko da alale. Ya rame ƙwarai, sai idanu. Ta ba shi labari, ba ta rage komai ba. Tsohon ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Kina yi masa sallama in za ki fita?"

"Sallama? Da kare, Baba?"

"Mu a gidanmu maharba ne. Ba a ce wa kare an tafi. Dafa kansa ake a ce, 'Ina zuwa.' Tun yana ɗan kwikwiyo ko bayi zan shiga sai na faɗa masa, kuma ina dawowa. Ranar nan a sume aka ɗauko ni. Yana ganin an rufe ƙofa, sai ya zaci an sake tafiya ke nan."

Iya Morenike ta zaro wayarta da murna. "Ai ta zo gidan sauƙi! Ku faɗa a nan in ɗauki muryarku, in kunna masa."

Baba ya daɗe yana kallon wayar, sannan ya ture ta a hankali.

"Ban taɓa yi masa ƙarya ba, 'yata. Ke za ki faɗa masa. Ke ce mai dawowa."

Sai da ta fito bakin titi ta yi kukanta, mai isarta, har wani ɗan acaba ya tambaye ta ko an yi mata sata ne.

Washegari ta shimfiɗa wa Tanmola tsohuwar rigar Baba. Ta cije, ta dafa kansa da yatsu biyu, ta ce, "Ina zuwa." Ta ja ƙofa, ta tsaya a baranda kaɗan, ta buɗe. Ta sake. Daga baranda ta kai bakin famfo, daga famfo ta kai wurin mai niƙa. Wata rana a dace, wata rana a koma ga bokiti, tana wanki tana zaginsa da kakanninsa. Matan gida suka samu abin yi.

"Iya Morenike ta yi sabon miji! Har izinin fita take nema!"

"Ya fi naku," in ji ta. "Shi in na dawo murna yake."

Ana cikin haka, wata safiya 'yar Baba da ta zo daga Legas ta shigo ba ɗankwali. Ba wanda ya tambaya. Ta ce, "Baba ya tafi gida." Gidan ya ɗauki kuka. Tanmola ya zo ya kwanta a kan ƙafar Iya Morenike, ita kuma ba ta janye ba.

Da yake Baba Kirista ne, kuma ya ga jikoki, sai da aka ɗau makonni ana shiri, aka fitar da anko. Ranar binnewa duk gidan za a tafi ƙauyensu, tun safe har yamma. Karen bai taɓa zama shi kaɗai haka ba. Ta fita da shi ya zaga, ta ajiye masa ruwa, ta dafa kansa da dukan tafinta.

"Ina zuwa, Tanmola. Da nisa, amma ina zuwa. Kada ka ba ni kunya."

An yi kiɗa, an ci amala, an yi rawa kamar yadda ake wa tsohon da ya cika kwanansa. Ita dai rabin hankalinta na gida.

Rana ta yi sanyi suka dawo. Cif ya biyo ta har bakin ɗakin, hancinsa na gaba. Ta murɗa makulli.

Ƙasa a bushe take. Karen ya tashi daga kan rigar, ya goga kansa a gwiwarta sau ɗaya, ya ratsa tsakanin ƙafafun Cif da gudu, ya nufi kwata. Can ya ɗaga ƙafa, ya yi ta yi, ya yi ta yi, kamar ba zai gama ba. Mutanen gida na tsaye cikin ankonsu. Cif ya sa hularsa, ya yi gyaran murya.

"Kayan ɗakin nan za a kwashe su," ya ce. "Ki bar wa karen rigar."

Iya Morenike ta zauna a bakin ƙofa, ta kwance ɗankwalinta, tana jira ya gama.