Kukan Da Likita Yake Jira

Sista Nambozo ta ajiye katin a gaban Dakta Tumwine, ta danne shi da yatsa don kada ya ture shi gefe kamar ɗazu.

"Likita, Woniala ne, mai sikilar nan na gadon bakin taga. Ciwon ya hau ƙirjinsa. Ka rubuta masa allurar mofin, mai kashe zafi."

Dakta Tumwine bai ko ɗago ba, yana ta fama da gasasshiyar ayaba da shayin madara. "Na gan shi da safe. Yana kwance abinsa, har gaishe ni ya yi."

"Gaisuwa ai tarbiyya ce, ba sauƙi ba."

"Sista, na san masu sikila, a Kampala na gaji da ganinsu. Wanda ciwo ya kama da gaske, tun daga bakin ƙofar asibiti za ki jiyo shi. Wanda ya kwanta tsit yana kallon silin kuwa, allurar kawai yake marmari. Ba da hannuna za a mai da ɗan mutane ɗan ƙwaya ba. A ci gaba da ba shi farasitamol."

"Mugisu ne fa, Likita, ɗan ƙabilarmu. Ya yi imbalu, kaciyarmu ta samari. Ko ƙafarsa ka yanke ba za ka ji bakinsa ba."

Sai a nan ya dube ta, ya yi murmushin nan nasa mai sa mutum ya ji kamar ya kifa masa mari. "To madalla. Tunda ku ba kwa jin zafi, me zai yi da mofin?"

Ta ɗauki katin ta fita. Makullin kabad ɗin maganin yana aljihunta, tana jin sanyinsa a cinyarta, amma idan ta buɗe ba tare da sa hannun likita ba, aikinta ya ƙare, ƙila ma har da ɗauri. Abin haushin shi ne mutumin ba mugu ba ne. Ya dai riga ya yanke wa ciwo kamannin da zai zo da su ne, duk wanda ya zo da wata kama daban kuma maƙaryaci ne.

A ƙabilar su Nambozo da Woniala, nan gindin dutsen Elgon, ba a yi wa yaro kaciya yana jariri. Sai ya zama saurayi, a tara dangi da gari, ya tsaya da ƙafafunsa a gaban kowa, wuƙa ta yi aikinta. Idan ya ƙifta ido ko yatsan ƙafarsa ya motsa, har jikokinsa sai an yi wa gori. Woniala kuwa tun yana goye ake ce wa uwarsa kada ta sa rai da shi. Bai yi ƙwallo ba, bai ɗauki buhun kofi ba, rabin karatunsa a gadon asibiti ya yi shi. Da lokacin imbalu ya zo, kowa ya ce a kai shi asibiti a yi masa a ɓoye. Ya ƙi. Ya tsaya, bai ƙifta ba. A duk rayuwarsa wannan ne abin da ba wanda ya isa ya ce an tausaya masa ne aka ba shi.

Ta same shi yadda ta bar shi, kwance ɗoɗar, gumi ya jiƙa matashin. Hannunsa ya damƙe ƙarfen gadon har jijiyoyin sun fito raɗa-raɗa. Numfashinsa guntu-guntu ne, yana tsayawa a maƙogwaro, domin duk jan da ya kai haƙarƙari kamar an soka masa ƙusa ne. A kujerar gefe kawunsa Gidudu na zaune, dogon tsoho mai kwat da sanda, wanda shi ya tsaya a bayansa ranar imbalu, kuma a ƙauyensu har gobe da shi ake misali idan ana zancen jarumta.

"Woniala, ja numfashi sosai mu gani," in ji ta.

Ya gwada. Fuskarsa ta yi fari fat, ya sake shi a hankali. "Na gode, Sista," ya ce.

Wannan godiyar ce ta ƙara tunzura ta. Ta ja labule ta zagaye gadon, ta sunkuya daidai kunnensa.

"Ka saurare ni. Likita ba zai rubuta ba sai ya ji ka. Ka yi ihu. Sau ɗaya tak, da ƙarfi, sauran aikin nawa ne."

Ya girgiza kai. Ya nuna labulen da ido. Bayan labulen akwai maza cike da ɗaki, rabinsu 'yan dutse ne, ga masu jinya, ga masu kawo abinci. Kafin yamma labari ya hau acaɓa ya isa ƙauye.

Gidudu ya buga sandarsa a ƙasa. "'Yata, ke fa tamu ce. Da bakinki kike cewa namiji ya yi kuka a gaban maza?"

"Da bakina, Baba."

"Ashe boko har kunya yake wankewa."

"Kunya? Kawo hannunka." Ba ta jira ya yarda ba, ta kamo tafinsa ta ɗora a gefen ƙirjin Woniala. "Me ka ji?"

Tsohon ya ce, "Ba ya motsi sosai."

"To ƙasan huhunsa ke nan, iska ba ta isa can, saboda zafi ya hana shi ja. Idan aka wuni haka, wurin zai toshe, zazzaɓi ya shigo, jinin ya daskare a ciki. Daga nan ba zancen allura ake ba, zancen ƙarin jini ne da oksijin, kuma na sha ganin wanda aka yi wa duka biyun bai tashi ba. Jarumtar da kuka koya masa ta yi kyau, Baba. Sai ku tanadi wanda zai faɗe ta a bakin kabari."

Gidudu ya janye hannunsa kamar ya taɓa wuta. Woniala ya buɗe ido ya dubi kawun nasa.

"Kawu, kar ka damu," ya ce da ƙyar. "Ba zan ba ka kunya ba."

Nambozo ta ji idonta ya kawo ruwa don takaici. Ta rasa wa za ta fi jin haushi, likitan da ke jiran kuka, ko tsohon da ya hana, ko yaron da ya zaɓi mutuwa da ladabi. Ta bar su a cikin labulen, ta koma ofis. Wannan karon ta yi niyyar ko za a kore ta sai ta faɗa wa Dakta Tumwine abin da ke ranta.

"Ke ce kuma?" ya ce, yana goge hannu.

"Ni ce. Ka taso ka saurari ƙirjinsa da kanka. Idan ka..."

Ba ta ƙarasa ba ihun ya taso daga ɗakin maza. Wani irin ruri ne mai kauri, mai tsawo, kamar na sa a hannun mahauta, ya sauka ya koma kuka, ya sake tashi. Wata mai shara ta saki bokitinta a baranda. Dakta Tumwine ya miƙe har kujera ta faɗi, ya wuce ta da sauri. Ta bi shi. Abin da ta roƙa ne ta samu, amma ba ta ji daɗi ba ko kaɗan.

Likita ya ɗaga labulen ya shige, ya ɗora abin saurare a ƙirjin Woniala, ya duba gumin, ya duba hannun da ke maƙale da ƙarfe. "Kawo katin," ya ce. Ya rubuta mofin, ya ƙara da ƙarin ruwa da hoton ƙirji. Yana miƙa mata ya ce, "Kin gani ko, Sista? Ciwo na gaske ba ya ɓuya. Haƙuri kawai ake yi a jira shi."

Ita kuwa idonta na kan Woniala. Haƙoransa a datse suke tamau, leɓensa na ƙasa ya fashe don cizo. Wannan bakin bai buɗe ba. A lungun labulen Gidudu na tsaye ya juya wa likita baya, kafaɗunsa na hawa da sauka, yana goge baki da hannun kwat.

Ta buɗe kabad, ta zuƙo maganin, ta yi allurar. Ta tsaya a kansa har ta ga yatsunsa sun saki ƙarfen ɗaya bayan ɗaya, ƙirjinsa ya cika ya sauka. Amma a bayan labule an fara ƙus-ƙus. Wani ya ce, "Wai ba shi ne aka ce bai ƙifta ba?" Wani ya yi 'yar dariya da ta rikiɗe ta koma tari. Woniala ya ji, ya juya fuskarsa bango.

Gidudu ya leƙa ya tabbatar likita ya koma ofis. Sannan ya kama labulen ya yaye shi gaba ɗaya, ya tsaya a tsakiyar ɗakin ba sanda.

"Ku dube ni da kyau," ya ce, muryarsa a dishe. "Ni na yi kukan nan. Ni, Gidudu ɗan Wanambwa. Yaron bai ce uffan ba. Wanda zai kai labari dutse, ya kai shi daidai."

Mai tarin ma ya haɗiye tarinsa. Tsohon ya koma kujerarsa ya zauna, ya yi kamar ya ƙara tsufa a tsakanin gadon da kujerar.

Nambozo ta gyara wa Woniala matashi, ta rataya ledar ruwan, sannan ta matso kusa da tsohon ta rage murya.

"Baba, allurar nan ba ta wuni. Zuwa yamma za ta sake shi, kuma sau ɗaya likita ya rubuta."

Gidudu ya daɗe yana kallon ƙirjin yaron yana hawa yana sauka. Ya shafa maƙogwaronsa.

"To, 'yata," ya ce. "Samo mini ruwan ɗumi in jiƙa wuya kafin lokacin."