Dije Biyu, Ɗaya ga Janbiye

Shekarar da sojoji suka yi alkawarin mayar da mulki, aka kira taron kwana uku a Filinge na masu ajiye sunayen jama'a a cikin na'ura. Daga waɗannan sunaye za a buga katin zaɓe; wanda babu shi a ciki, babu shi ke nan. Habsa ta zo daga Tabla da sunayen ƙauyuka goma sha huɗu a cikin kile, ɗan abin nan da ake soka wa na'ura, ta ɗaure shi a bakin zane kamar goro.

Tun ranar farko hankalinta bai kwanta da Magagi ba. Daga Yamai ya zo koyarwa, ga fara'a kamar mai neman aure, yana raba katinsa yana karɓar lambar kowa. A wancan lokaci, duk wanda ya cika tambayar sunayen mutane, sai an duba takalminsa a ga ko na soja ne. Habsa ta duba. Na farar hula ne, amma hakan bai gamsar da ita ba.

Abin da ya koyar kuwa ya burge mutane. Yana da wata dabara da ke tsince sunan da aka shigar sau biyu: in suna ɗaya ne, uba ɗaya, ranar haihuwa ɗaya, sai na'ura ta bar guda ta share guda.

"Madam Habsa, kawo kilenki in wanke miki shi," in ji shi a wajen shan shayi.

"Na baro shi gida, Mushe," ta ce, yadda ake kiran malamin boko da Faransanci, alhali yana nan yana tokarin ƙugunta.

Moussa na Damana, abokin karatunta tun lakwal, shi bai yi wata-wata ba ya miƙa nasa. Washegari ya zo yana washe baki, wai an cire masa sunaye ɗari huɗu da ɗoriya.

"Ke dai zato ya yi miki yawa. Mutumin ga ba ɗan leƙen asiri ba ne."

"In ga waɗanda anka cire," ta ce.

Magagi ya buɗe mata jerin da murnarsa. Habsa ta bi da yatsa. Kusan duka ranar haihuwarsu ɗaya ga Janbiye. Ai kowa a ƙasar Kurfai ya san dalili: tsohon da ba a rubuta haihuwarsa ba, sai a kimanta shekarar, a ba shi ranar farkon shekara. Rabin tsofaffin karkara ranar nan aka haife su a takarda. Ga kuma sunaye da ba su da yawa, ƙauye guda sai ka sami Manzo biyar.

Yatsanta ya tsaya a kan Dije Manzo, 1950.

"Mushe, wagga Dije, su biyu na. Guda tana saida daddawa kasuwar Damana, guda tana Tondikandiya can cikin ƙauye."

Fara'ar Magagi ta ɗauke. A fuskarsa Habsa ta ga babu wani soja da ya aiko shi. Bai sani ba ne kawai, wannan kuma ya fi ba ta tsoro, don mutum tara suka ba shi kilensu.

"Moussa, kana da kwafin na da?"

Moussa ya sosa ƙeya. "Bisa nai anka aza sabon."

Ta juya ga Magagi. "Wace Dije na'ura ta bari?"

"Wadda anka fara shigarwa," ya ce a hankali.

"Ta cikin ƙauye anka fara rubutawa. To wadda na'ura ta share, mai daddawa, goggona ta. Shekaranjiya ta aiko min da daddawa, ta ce in ce ma Moussa shi aje mata katinta, bana da ƙafarta za ta zuwa jefa ƙuri'a."