Kan Saniya a Ƙofar Shinge

Duk motar da ta taso daga garin Maun za ta yi kudu sai ta tsaya a ƙofarmu ta shingen tare cutar shanu. Fasinja su sauko, kowa ya taka buhun da nake jiƙawa da magani, ya ciro sauran takalmansa daga jaka ya tsoma. Ɗanyen nama ba ya wucewa, saboda cutar baki da kofato ta shanu. Dafaffe yana wucewa. An rubuta haka a allo da manyan haruffa, amma mutanen yanzu waya kaɗai suke karantawa.

Ranar wata Laraba da hantsi Oaitse ya sauko daga bas rungume da akwatin ƙanƙara. Shekarunsa talatin, tashin Johannesburg, can uwarsa ta tafi da shi yana goye. Jana'izar mahaifinsa ce ta kawo shi. Takardunsa tsaf suke cikin leda: fasfo, izinin kwana talatin, taswira, har da lambar asibiti. Ya karanta komai a kan ƙasar ubansa, sai abin da ya shafe shi.

Mma Segametsi, wato Malama Segametsi, shugabar ƙofa, ta ɗaga murfin. Kan saniya ne, da ƙahonsa da kunnuwansa.

Ya yi mata bayani da karyayyen Setswana, yaren ƙasarmu. Saniyar da aka yanka a jana'iza ce, kan kuwa haƙƙin kawunsa ne, dattijo Rre Kebonang na garin Rakops da ke kudu da shinge, wan mahaifiyarsa. Tsohon bai sake yi wa ƙanwarsa magana ba tun da ta bar ƙasar ba da saninsa ba. Ga shi Oaitse yana neman aure, kuma babu gidan mutunci da zai zauna da dangin saurayi in babu kawu a gaba. Tsohon ya aiko da sharaɗi ɗaya: a kawo kan yadda yake, ya ga yankan kunne, alamar garke, da idonsa, ya tabbata daga garken gidan mamacin ya fito, ba daga hannun mahauci ba.

Mma Segametsi ta ce ya ari tukunya ya dafa, kamar yadda kowa ke yi. Ya ce in ya dahu kunnen zai motse, shaida ta ɓace. Ya roƙi a bar masa kunnuwan kawai.

"Rra, a Johannesburg kunne ba nama ba ne?" in ji ta. Rra shi ne malam a wurinmu.

Fasinja suka yi dariya. Wata tsohuwa ta leƙo ta taga ta ce ya auri saniyar ya huta. Direba ya danna oda sau biyu, ya ja motarsa.

Komawa ma ba ta yiwuwa. A gaban taron dangi baffanninsa suka miƙa masa kan, mayar musu da shi zagi ne. Ya zauna a gindin bishiyar ƙaya, akwati tsakanin ƙafafunsa. Shinge ya miƙe dama da hagu iyakar ganin ido. Bas ta biyu ta zo ta wuce, ta uku ma haka. Ruwa ya fara ɗiga daga gindin akwatin, ƙudaje suka gano wurin.

Da azahar wani direban babbar mota ya raɗa masa cewa akwai wurin ɓoye kan a ƙarƙashin kujera. Na ga Oaitse ya miƙe, ya kama hannun akwatin. Na je na gaya masa gaskiya: shanun da ke bayan wannan shinge na mutane ne, har da na kawun da yake neman yardarsa, kuma wanda zai fara gina gida da sata gara ya fasa. Ya koma ya zauna.

Sau huɗu ya kira tsohon a waya, ba a ɗauka ba. A na biyar Mma Baitshepi, mai suyar fanke a bakin ƙofa, ta fizge wayar. Da aka ɗauka ba ta ko yi gaisuwa ba.

"Rra, ɗan ƙanwarka yana nan yana ruɓewa tare da kan saniyarka. Shi ba zai iya zuwa ba. Kai ƙafarka ce ta karye?"

Aka kashe wayar daga can. Ta miƙa masa abinsa da fanke biyu, bai ci ba.

Bayan la'asar wata tsohuwar a-kori-kura ta tsaya daga kudu. Dattijo ya fito da malafa da sanda, ya shigo ɓangarenmu a ƙafa. Bai dubi Oaitse ba. Ya sa sanda ya ture murfin, wari ya taso har Mma Segametsi ta ja baya. Ya durƙusa ya kama kunnen hagu, ya bi tsaga biyu da babban yatsa, ya juya na dama mai yankakken baki. Ya daɗe a haka.

"Yankan kakanka ne," ya ce. "Na gani. A binne."

Na ba su shebur. Oaitse ya yi haƙa, tsohon yana tsaye yana gyara masa riƙo, yana mitar cewa birni ya kashe masa hannu. Da suka gama na jiƙa buhu, suka taka ɗaya bayan ɗaya. Sai da suka kai bakin mota na ji tsohon yana tambaya, yarinyar 'yar gidan wa ce, kuma shanu nawa ubanta yake tsammani.