Shafin Da Ba Marubuci

"Danna nan, Malama. A'a, ba can ba, nan!"

Malamar kimiyya ta janye yatsanta daga kwamfutar. Tun safe suke zaune a ɗakin taron nan, ranar Asabar guda, ana koya musu tsara darussan zango da bincike a intanet. Fanka na juyawa a sama, ba iska sai ƙara. Mai horar da su saurayi ne da bai wuce sa'ar ƙanenta ba, kuma kafin azahar malamai sun laƙaba masa suna Danna-Nan.

Ita kam gangar jikinta ce kawai a wurin. Hankalinta na gida, inda ta baro maigidanta kwance, tela ne da keken ɗinkinsa ya yi watanni a lulluɓe. Ciwon hanta ne, in ji likita, kuma ya yi nisa. Abin da ke riƙe da su biyun shi ne wani shafi da ta tsinto a intanet, na wani magani, cike da labaran mutanen da likitoci suka sallama amma suka miƙe garau. Kullum da yamma sai ta karanta masa, har ya fara cin abinci kaɗan-kaɗan.

"To," in ji Danna-Nan, "yanzu za mu koyi tantance shafi, na kirki da na banza. Wa zai ba mu misali daga tsarin darasinsa?"

Malamin lissafi da ke gefenta ya leƙo kwamfutarta, don shi dai ba ya gani ya ƙyale.

"Ga Malama nan, tana da darasin gaɓoɓin jiki. Har ta buɗe shafi a kan hanta!"

Kafin ta ce uffan an jona kwamfutarta da majigi. Sai ga shafin baro-baro a bango, fuskokin nan da ta sani kamar 'yan uwanta suna murmushi.

"Madalla!" Danna-Nan ya tafa hannu. "Malamai, wa ya rubuta wannan?"

Aka duba sama, aka duba ƙasa. Babu suna.

"Yaushe aka rubuta shi? Wane asibiti ya gwada maganin?"

"Asibitin gaibu," in ji malamin lissafi. Ɗaki ya kwashe da dariya.

Danna-Nan ya zaɓi hoton wani dattijo da shafin ya ce direba ne da ya warke, ya nuna musu yadda ake binciken hoto. Sai ga dattijon a wani shafin yana tallar man gashi, ga shi a wani yana tallar tabarau. Malamar turanci har da share hawaye don dariya.

Daga nan ya buɗe shafin wata jami'a, da sunayen likitoci da kwanan wata, ya karanta a fili abin da suka ce game da ciwon idan ya yi nisa. Bai ja da tsawo ba. Babu waraka, sai dai sauƙaƙa wa majiyyaci raɗaɗi, da kula da shi.

"Kin ga bambancin, Malama? Don Allah kar a kai wa yara wancan."

"Na gani," ta ce. Kuma wallahi ta gani. Abin da ya fi ƙona mata rai ke nan, yaron ya iya koyarwa, bai bar mata ko 'yar kafar musu ba.

Sauran zaman ta yi shi kamar kowa. Ta cike makonnin zango, ta sa manufa, ta sa hanyar auna fahimta. A bas ta samu wurin tsayuwa kawai, ta riƙe ƙarfe da hannu ɗaya, jaka da ɗaya, ƙafafunta na zugi. Ko kuka ba ta da ƙarfin yi.

A gida ta tarar da maigidan ya jingina da filo biyu, ya aske gemu da hannunsa, har da ɗan yanka a haɓa.

"Sannu da dawowa, 'yar makaranta. An ba ku bulala?"

"Saura kaɗan. Ka ci wani abu?"

"Na taɓa. Me aka koya muku?"

"Tsarin darasi ne kawai."

Ta cire takalmi, ta kawo masa ruwa, ta gyara labulen da ba ya buƙatar gyara. Yana bin ta da ido.

"Zo ki zauna mana. Karanta mini na direban nan. Yau tun safe shi nake tunani, ai shekarunmu ɗaya."

Ta zauna a bakin gado ta buɗe wayarta. Dattijon cikin hoton ya yi mata murmushi. Ta fara karantawa, layi ɗaya, layi biyu, tana bin kalmomin da ta riga ta haddace.

"Ɗan ɗaga murya, Malama," ya ce. "Yau ba na jin ki sosai."

Ta gyara murya, ta koma farko.